Idan babu jam'iyyar da ta yi rinjaye, wa ke kafa gwamnati? Lissafin da ya shafi ƙasar Haɗeja

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, babu ɗan takarar da ya samu rabin ƙuri'un Jihar Jigawa. Bola Tinubu na APC ya samu 421,390, Atiku Abubakar na PDP ya samu 386,587, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma ya tashi da 98,234. Wato waɗanda ba su zaɓi Tinubu ba a jihar sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa.

A ƙasa baki ɗaya ma haka abin ya kasance. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, kusan kashi 37 cikin 100. Idan aka haɗa na Atiku da Peter Obi da Kwankwaso, sun haura miliyan 14 da rabi. A Majalisar Wakilai mai kujera 360, APC ba ta kai 181 da ake buƙata don yin rinjaye ba a lokacin da aka kammala zaɓe.

Duk da haka an rantsar da Tinubu ranar 29 ga Mayu, ya zaɓi ministocinsa ba tare da ya zauna rabon kujeru da wata jam'iyya ba. Da a Indiya ko Afirka ta Kudu aka samu irin wannan sakamako, da an shafe kwanaki ana ciniki kafin a san wanda zai yi mulki.

Maganar ta sake tasowa ta fuska biyu. A Fabrairun 2024 'yan Majalisar Wakilai kusan 60 sun gabatar da ƙudirin mayar da Najeriya tsarin firaminista. A Yulin 2025 kuma manyan 'yan adawa suka sanar da haɗaka a ƙarƙashin ADC. Duka biyun suna kai mu ga tambaya ɗaya: idan ƙuri'u suka rarrabu, babu mai rinjaye, yaya ake kafa gwamnati, kuma me ake sayarwa a wajen cinikin? Mutanen ƙasar Haɗeja suna da dalilin sauraro da kyau, domin ƙuri'unsu sun taɓa shiga tsakiyar irin wannan rikici, kuma kogin da suke ci da shi ba ya hannun gwamnati ɗaya.

Tsari biyu, hanya biyu

A tsarin firaminista jama'a ba sa zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. 'Yan majalisa suke zaɓa. Duk wanda zai iya tara fiye da rabin 'yan majalisar a bayansa, shi ne firaminista, kuma ranar da suka juya masa baya gwamnatinsa ta faɗi.

Idan babu jam'iyyar da ta kai rabi, ko dai a yi gwamnatin haɗaka a raba ministoci, ko babbar jam'iyya ta yi mulki ita kaɗai bisa alƙawarin wata ƙarama cewa za ta mara mata baya a kan kasafin kuɗi da ƙuri'ar amincewa, ko kuma a koma rumfar zaɓe. Cinikin kan yi sauri, kan kuma yi jan ƙafa. A Birtaniya a 2010 kwana biyar aka yi. A Beljiyam, bayan zaɓen wannan shekarar, sai da aka kwashe kwana 541 babu sabuwar gwamnati. A Afirka ta Kudu a 2024, ANC ta samu kujera 159 cikin 400, dole ta zauna da DA, jam'iyyar da ta shafe shekaru tana kira abokiyar gaba.

Tsarin shugaban ƙasa da muke bi daban yake. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ce sai ɗan takara ya samu rabin ƙuri'u ba idan masu takara sun wuce biyu. Sharaɗi biyu ya gindaya: ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi da Abuja. Da ya cika su, gwamnati tasa ce har shekara huɗu, ko jam'iyyarsa na da rinjaye a majalisa ko babu.

Amma wannan bai raba shi da majalisa ba. Majalisar Dattawa ce ke tantance ministoci. Kasafin kuɗi sai majalisu biyun sun amince. Saboda haka cinikin da ake yi a fili a tsarin firaminista, a nan ma ana yin sa, sai dai a bayan labule.

Najeriya ta ɗanɗana duka biyun.

1959: lokacin da lissafi ya ba Kudu dama

Ranar 12 ga Disamban 1959 aka yi zaɓen da zai fitar da gwamnatin karɓar 'yancin kai. Haɗeja na cikin lardin Kano a lokacin, Sarki Haruna na kan gadon sarauta. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamar jam'iyyarsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Mata a Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a.

Kujeru 312 ne, Arewa na da 174 daga ciki. Mai son kafa gwamnati yana buƙatar 157. Da aka ƙidaya, NPC ta Sardauna ta samu 134, NCNC ta Azikiwe tare da ƙawarta NEPU suka samu 89, AG ta Awolowo da ƙawayenta 73, sauran 16 na 'yan indifenda ne da ƙananan jam'iyyu, waɗanda da yawansu suka koma NPC daga baya. A yawan ƙuri'un jama'a kuwa, ɓangaren NCNC ne a gaba da kusan miliyan 2.6, NPC na da kusan miliyan biyu.

Mai karatu ya haɗa 89 da 73. Ya samu 162. Wato Azikiwe da Awolowo suna iya kafa gwamnati su bar jam'iyyar da ke mulkin Arewa a kujerar adawa. Awolowo ya miƙa wannan tayi, har ya yarda Azikiwe ya zama firaminista shi ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ba a yi hakan ba. Akwai tsohuwar gaba tsakanin NCNC da AG tun rikicin majalisar Yamma a farkon shekarun 1950. Akwai kuma fargabar cewa Arewa ba za ta zauna cikin tarayyar da jam'iyyun Kudu biyu suka haɗe mata kai ba. Gwamna-Janar Sir James Robertson bai tsaya jiran cinikin ya nuna ba, ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati a matsayinsa na jagoran jam'iyya mafi yawan kujeru. Wannan shi ne ikon da mai kiran kafa gwamnati ke da shi a irin wannan tsari: wanda aka fara kira ya riga kowa shiga kasuwa, domin muƙaman da za a raba suna hannunsa.

Aka ƙulla ƙawancen NPC da NCNC. NPC ta ɗauki minista goma, NCNC bakwai, ciki har da ma'aikatar kuɗi da aka bar wa Festus Okotie-Eboh. Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna-Janar a Nuwamban 1960. Awolowo ya zama jagoran adawa.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan NEPU. Jam'iyyarsa ta tsira da kujera takwas, kuma da yake ƙawar NCNC ce, sai ta wayi gari a ɓangaren gwamnati a Legas tare da NPC. Malam Aminu Kano ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisa. A gida kuwa, a garuruwa da ƙauyukan lardin Kano, 'yan Sawaba na ci gaba da shan ɗauri a kotunan alƙalai da hannun 'yan doka. Ƙawancen da aka ƙulla a sama bai sauko ƙasa ba. Ƙaramar jam'iyyar da ta shiga haɗaka ta bayan wata, ba da yarjejeniyarta ta kanta ba, ba ta da abin riƙewa ranar da aka taka ta.

Wanda aka bari a waje ma ya ji a jikinsa. Da rinjayen haɗakar aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962, aka yanke yankin Tsakiyar Yamma daga cikinta a 1963, shekarar da aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma.

Auren bai yi ƙarko ba. Sauya sheƙa ya yi ta ƙara wa NPC kujeru har ta daina buƙatar NCNC, rikicin ƙidayar 1962 da 1963 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. A zaɓen Disamban 1964 abokan jiya sun fito a sansani biyu, NNA da UPGA. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama, Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, sai ranar 4 ga Janairun 1965 aka sasanta. Shekara guda bayan nan sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

1979: ƙuri'un tsohuwar Kano a gaban Kotun Ƙoli

Waɗanda suka rubuta kundin 1979 sun ɗauko tsarin Amurka ne don gudun maimaita wancan. Sai ga shi zaɓen farko ya zo da tasa rigimar, kuma a kan Jihar Kano ta tsaya, wadda a lokacin ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim da Birnin Kudu. Sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiri Jigawa.

A zaɓen 11 ga Agustan 1979, Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'a 5,688,857, kashi ɗaya cikin uku ke nan da ɗan ɗoriya. Awolowo na UPN ya biyo baya da 4,916,651. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12. Jiha ta goma sha uku da ya fi kusa da cikawa ita ce Kano, inda PRP mai alamar mabuɗi ta yi kaka-gida. Cikin ƙuri'a 1,220,763 da aka jefa a jihar, Shagari ya samu 243,423, wato kashi 19.94 cikin 100. Kashi ɗaya cikin huɗu kuwa ya haura 305,000.

Nawa ne kashi biyu cikin uku na 19? Kusan kowa ya ɗauka 13 ne, tunda ba a yanka jiha kamar tsire. Lauyan NPN Richard Akinjide ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku. Saboda haka a ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano, wato 813,842, a fitar da rubu'insu, ya kama 203,460 da rabi. Shagari ya wuce wannan da kusan ƙuri'a dubu 40. Hukumar zaɓe ta FEDECO ƙarƙashin Michael Ani ta karɓi wannan lissafi ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci.

Awolowo ya garzaya kotu. Masu sukar lissafin sun nuna wani rami a cikinsa da har yau ba a cike ba: an rage ƙuri'un jihar zuwa kashi biyu cikin uku, amma an bar na Shagari cif-cif. Da an rage nasa su ma, da sun koma 162,282, da bai kai ba. Ranar 26 ga Satumban 1979 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams ta tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan uwansa.

Da hukuncin ya juya, dokar lokacin ta tanadi 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zauna su zaɓi ɗaya cikin biyun da ke kan gaba. A irin wannan zama, 'yan majalisar PRP daga Kano da na GNPP ta Waziri Ibrahim mai siyasa ba da gaba ba, da na NPP, su ne za su zama masu raba gardama. Manomin Auyo ko masuncin Guri da ya jefa ƙuri'arsa a wannan rana, ko ga wa ya ba ta, tana cikin jimillar da aka yi wa wannan lissafi.

Shagari ya hau mulki, amma majalisa ba tasa ba ce. A Majalisar Dattawa mai kujera 95 NPN na da 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. A Majalisar Wakilai mai 449 NPN na da 168 kacal. Ya gayyaci sauran jam'iyyu su shigo gwamnati, NPP ta Azikiwe ce ta amsa. Da kujerunta aka samu 52 a Dattawa da 246 a Wakilai. Ladanta: Edwin Ume-Ezeoke ya zama kakakin Majalisar Wakilai, John Wash Pam mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, aka kuma ba ta ministoci, ciki har da Farfesa Ishaya Audu a harkokin waje.

A Yulin 1981 yarjejeniyar ta watse. Abin lura, gwamnati ba ta faɗi ba, domin a wannan tsari wa'adin shugaba ba ya rataye a wuyan majalisa. NPP ta umarci ministocinta su ajiye aiki, wasu suka bi, Ishaya Audu ya zauna daram a kujerarsa. NPN ta ci gaba da samun ƙuri'un da take buƙata ta hanyar jawo 'yan majalisa ɗai-ɗai. Wannan dabara ce ta zama gadon da muke ci har yau: maimakon a yi ciniki da jam'iyya, sai a yi da mutum.

Tambayar wa za a yi ƙawance da shi ita ce ma ta tsaga PRP gida biyu. Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suna zama da gwamnonin UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Daga nan aka samu 'yan santsi da 'yan taɓo, rabuwar da dattawan Jigawa ke ba da labarinta har gobe.

Kaduna: gwamnan da bai taɓa naɗa kwamishina ba

Idan ana neman misalin abin da ke faruwa in an ƙi ciniki gaba ɗaya, ga Kaduna. Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, amma a majalisar jiha mai kujera 99 NPN na da 64, PRP 16. Ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi fatali da su. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. NPN na son a ba ta kaso a gwamnati daidai ƙarfinta a majalisa, shi kuma yana ganin hakan cin amanar talakawan da suka zaɓe shi ne don ya kawar da irin mulkin NPN. Kusan shekara biyu yana mulki babu majalisar zartarwa. Ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da hakan ta faru da shi a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Mutane da yawa na girmama Balarabe Musa saboda wannan tsayuwa, kuma ya cancanci girmamawar. Amma a ra'ayina lissafin a fili yake tun ranar farko: tsigewa na buƙatar 66, abokan hamayyarsa na da 64. Kujera biyu ce tsakaninsa da ƙofa.

Maƙwabtanmu na Damagaram

Daga Maigatari zuwa Damagaram ba wata tafiya ba ce, kuma can ma an ga wannan wasa. A zaɓen majalisar Nijar na Fabrairun 1993, MNSD-Nassara ta zo ta ɗaya da kujera 29 cikin 83. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ma ɗan takararta Tandja Mamadou ne a gaba da kashi 34 cikin 100, Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, na biye da kusan 27.

Sai jam'iyyun da ke bayanta suka haɗu a ƙawancen AFC, suka tara kujera 50, suka kuma raba manyan muƙamai uku tun kafin zagaye na biyu. Ousmane ya ci shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya ya zama firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP-Zaman Lahiya ya zama shugaban majalisa. Wanda ya zo na ɗaya ya tashi a tutar babu. Abin da Awolowo ya so yi a 1959 ke nan.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙin MNSD, kuma da aka kawar da ita sai aka rasa abin riƙewa. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye aiki bayan shugaban ƙasa ya rage masa iko, PNDS ta koma wajen MNSD. Ousmane ya rusa majalisa, aka sake zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka samu 43 cikin 83. Dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista. Aka shiga zaman doya da manja: shugaban ƙasa da firaminista na jayayya kan wa zai tsara taron ministoci, wa zai naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

Me ake rubutawa a takardar?

Idan aka jera waɗannan misalai, abu ɗaya ke maimaituwa. A 1959 an raba ministoci goma da bakwai. A 1979 an raba kakaki da mataimaki. A Yamai an raba kujeru uku. A 2007, da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, shugabannin ANPP sun karɓi muƙamai alhali ɗan takararsu Muhammadu Buhari na kotu yana ƙalubalantar zaɓen. Shugaban ANPP na lokacin, kuma mataimakin Buhari a takarar, shi ne dai Ume-Ezeoke na 1979. A 2023, APC da ba ta da rinjaye a Majalisar Wakilai ta ga ɗan takararta Tajudeen Abbas ya samu ƙuri'a 353 a zaɓen kakaki, duk da 'yan adawa sun yi ta shelar cewa su ne masu yawa. Kwamitoci sun fi jam'iyya daɗin baki.

Ko'ina kujera ake rubutawa. Da wuya ka ji an rubuta aiki.

A wasu ƙasashen ba haka ake yi ba. Jam'iyyu uku da suka kafa gwamnati a Jamus a 2021 sun wallafa yarjejeniya mai shafi sama da 170, kowa ya karanta. Ba ta hana su rabuwa a 2024 ba, amma mai zaɓe ya san abin da aka yi alƙawari da abin da aka karya. A Birtaniya a 2017, jam'iyyar DUP mai 'yan majalisa goma ta mara wa Theresa May baya, ta karɓo wa yankinta na Ireland ta Arewa ƙarin fam biliyan ɗaya.

Misalin da ya fi kama da namu na Indiya ne. A 2024 BJP ta Narendra Modi ta samu kujera 240, ana buƙatar 272. Ta dogara da jam'iyyu biyu na jihohi, ɗaya daga Andhra Pradesh mai kujera 16, ɗaya daga Bihar mai 12. Bihar jiha ce ta manoma da ambaliya ke ci kusan kowace damina. A kasafin kuɗin da ya biyo baya a watan Yuli, aka ware mata rupi biliyan 115 don ayyukan ban-ruwa da maganin ambaliya. Kujera 12 ce ta jawo wannan.

Kogin da babu mai rinjaye a kansa

A nan maganar ta dawo gida. Kogin Haɗeja shi kansa gwamnatin haɗaka yake buƙata. Ruwansa na hannun madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, duka a Jihar Kano. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke kula da su ta tarayya ce, hedikwatarta na Kano. Ruwan ya ratsa Ringim da Auyo da Haɗeja, ya bazu a fadamun Kiri Kasamma da Guri, ya shiga Yobe ta wajen Nguru da Gashuwa kafin ya nufi Tafkin Chadi. Kogin Jama'are da ke haɗuwa da shi daga Bauchi yake gangarowa.

Bayan zaɓen 2023, NNPP ce ta karɓi Kano, APC na Jigawa da Yobe, PDP na Bauchi. Jam'iyya uku a kan ruwa ɗaya. Ranar da za a saki ruwa daga madatsa da yawan da za a saka, shi ke yanke ko shinkafar Auyo za ta kai girbi, ko matasan Haɗeja za su kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga kamar yadda aka yi a daminar 2022. Kachala da ta toshe hanyoyin ruwa tun da madatsun suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa ba ta san iyakar jiha ba. Masunci da manomin rani da makiyayi duk a wannan ruwa suke kallo. Madatsar Kafin Zaki da Bauchi ke nema tun zamanin Jamhuriya ta Biyu har yau ba a gina ta ba, kuma na ƙasan kogi a Yobe da Borno na adawa da ita don tsoron ƙafewar fadamunsu.

An taɓa gwada zama tare. A 2006 jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun kafa asusun haɗin gwiwa na kula da wannan kwari. A matakin tarayya kuma, ɗan Jigawa, Injiniya Suleiman Adamu Kazaure, ya riƙe ma'aikatar albarkatun ruwa daga 2015 zuwa 2023. Ƙudirin dokar ruwa ta ƙasa da ma'aikatarsa ta yi ta turawa bai zama doka ba har gwamnatin ta sauka, duk da APC na da rinjaye a majalisu biyun. Gwamnoni da 'yan majalisa daga Kudu da Binuwai sun ɗauke shi a matsayin yunƙurin ƙwace musu gaɓar koguna. Samun minista daga jiharku abu ne, tara ƙuri'un da za su fitar da doka wani abu ne daban.

Shi ya sa, duk lokacin da aka ce ana haɗaka, ko kafin zaɓe kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC a 2013, ko bayan zaɓe, tambayar da ta dace ɗan ƙasar Haɗeja ya yi wa wakilinsa ba ita ce wane muƙami aka ba mu ba. Ya tambaye shi ko an rubuta yashe kogi da cire kachala, ko an rubuta jadawalin sakin ruwa da za a riƙa sanar da na ƙasa kafin a buɗe madatsa, da kuma nawa aka sa, a kasafin wace shekara.

Kuma yankin na da abin ciniki a hannu. Idan babu wanda ya cika sharaɗin sashe na 134, hukumar zaɓe za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21, tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'a da wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran, ba lallai wanda ya zo na biyu a ƙuri'a ba. Ba a taɓa kaiwa ga haka ba a zaɓen shugaban ƙasa, amma a irin waɗannan makonni uku jihar da tazarar ta ba ta kai ƙuri'a dubu 35 ba a 2023 za ta ga baƙi da yawa.

A matakin jiha lissafin ya fi kusa. Sashe na 179 ya ce mai son zama gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Jigawa na da 27, ana buƙatar 18. Masarautar Haɗeja na da takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Ɗan takarar da ya kasa samun rubu'i a waɗannan takwas ya rage masa 19, kuma dole ya cika sharaɗin a 18 daga cikinsu. Ƙaramar hukuma ɗaya tak yake da damar ya rasa.